Tsakanin Gajimare da Taurari: Sharhi Kan Yadda Hausa Ke Bayyana Binciken Ƙololuwar Sama

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 4 ga Oktoba, 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, labarin sama ya shiga bakin Hausawa ta kafar rediyo da jarida. Cikin 'yan shekaru harshen ya samar wa kansa kalmomi irin su kumbo da tauraron ɗan'adam da ɗan sama jannati, har ma Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan an sauka a kan wata a 1969. To amma akwai wani yanki na sama wanda Hausa ba ta ce kome a kansa ba sai kaɗan, watau yankin da ya fara daga inda gajimare ya tsaya, ya miƙa har dubban kilomitoci kafin a kai wata. Wannan yanki shi ne fagen masu binciken ƙololuwar iska da kewayen duniya.

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda rubutu da fassarar Hausa suka tafiyar da wannan fage, a ga inda aka dace da inda aka yi tuntuɓe. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an ɗora wa kalmar "sararin samaniya" kayan da ya fi ƙarfinta, ga kuma waɗansu kalmomin da aka fassara kai tsaye suna kai mai karatu inda ba a nufa ba.

2.0 Fagen Binciken a Taƙaice

Kafin a yi hukunci a kan kalma, wajibi ne a san abin da aka aike ta ta faɗa. A watan Disamba na 1901 Markoni ya aika da saƙon rediyo daga Ingila ya ƙetare tekun Atilantika zuwa gaɓar da ke cikin Kanada a yau. Abin ya ɗaure wa masana kai, domin igiyar rediyo miƙe take tafiya, duniya kuwa a dunƙule take. A 1902 Kennelly a Amurka da Heaviside a Ingila, kowa da nasa nazari, suka ce lalle akwai wata shimfiɗa mai ɗaukar lantarki can sama wadda ke komo da igiyar ƙasa. Appleton da ɗalibinsa Barnett suka tabbatar da haka ta hanyar gwaji a 1924, aikin da ya sa aka ba Appleton lambar Nobel a 1947. Wannan shimfiɗa ita ce ayonosfiya. Tana farawa daga kimanin kilomita 60 zuwa kimanin 1,000, kuma hasken rana ne ke samar da ita, ta hanyar ɓamɓare ƙwayoyin lantarki daga jikin ƙwayoyin iska. An kasa ta uku, aka sa musu haruffan D da E da F.

Mataki na biyu ya zo ne a shekarar binciken duniya ta ƙasa da ƙasa, wadda aka yi daga Yuli 1957 zuwa Disamba 1958, ƙasashe 67 suka shiga. A cikinta ne tauraron Amurka na farko, Explorer 1, ya kai ga gano ɗamarar Van Allen, watau tarin ƙwayoyi masu ƙarfi da maganaɗisun duniya ya tsare suna kewaya ta. A 1958 ɗin dai Eugene Parker ya nuna ta hanyar lissafi cewa rana tana fesar da ƙwayoyi ba dare ba rana, kumbon Mariner 2 ya gaskata shi a 1962. Ashe ke nan abin da ake ɗauka fili ne fetal, cike yake da motsi, yana da hawa hawa, yana kuma da natsuwa da tashin hankali.

3.0 Gadon da Aka Tarar

Rubuta kimiyya da Hausa ba baƙon abu ba ne. Littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1949, ya nuna cewa ana iya bayyana halitta cikin Hausa mai sauƙi ba tare da an karya harshen ba. Ba za a zarge shi da rashin ambaton ɗamarar Van Allen ko feshin rana ba, tun da ya riga su fitowa. Abin zargi shi ne ba a sami magajinsa a wannan fanni ba bayan ilmin ya faɗaɗa. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro mai suna Kilba ya kai shi sama. Littafin ya buɗe wa ƙagaggen labarin kimiyya ƙofa, sai dai ƙagaggen labari ne, aikinsa ya ba da mamaki da nishaɗi, ba a neman awo a wurinsa.

Haka nan kuma aikin keɓaɓɓun kalmomi da jami'o'i suka yi, irin ƙamusun da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya fi karkata ga nazarin harshe da adabi. Saboda haka nauyin ƙirƙiro kalmomin sama ya faɗa a kan masu fassarar labarai na gidajen rediyo, mutanen da ake ba mintoci kaɗan su juya labari kafin a shiga ɗakin watsawa. Idan aka yi la'akari da wannan hali, sai a yaba musu. "Tauraron ɗan'adam" kalma ce da ta cika sharuɗɗa: tana nuna abin da ido ke gani da dare, ta kuma raba shi da tauraron Allah. "Kumbo", wanda a asali mazubi ne, ya dace da ƙundun da 'yan sama jannatin farko suka shiga. Amma gaggawa ba ta haifar da tsari, kuma rashin tsarin ne ya jawo matsalolin da za a duba yanzu.

4.0 Matsaloli Huɗu

4.1 Jaka Ɗaya, Kaya Barkatai

A labaran Hausa, jirgin fasinja da ke tafiya a tsayin kilomita 11 yana cikin sararin samaniya. Tsakuwar da ke ƙonewa ta ja layin haske da dare, a tsayin kilomita 80 zuwa 100, ita ma a sararin samaniya take. Haka tashar binciken ƙasa da ƙasa mai tsayin kilomita 400, da taurarin GPS masu tsayin kilomita 20,200, da wata mai nisan kilomita 384,000. Mai sauraro ba shi da hanyar sanin cewa waɗannan wurare sun bambanta da juna fiye da yadda tudu ya bambanta da teku.

Illar wannan takan fito fili idan labari ya dogara ga bambancin. Alal misali, a watan Fabrairu na 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, aka yi asarar 38 daga ciki cikin 'yan kwanaki. Dalili shi ne an fara ajiye su a ƙasa ƙasa, kimanin kilomita 210, sai wani tashin hankali daga rana ya ɗumama iskar can sama, ta kumbura, ta yi kauri, ta riƙe su har suka faɗo suka ƙone. Duk wanda aka koya wa cewa sararin samaniya wuri ne da babu kome, ba zai taɓa fahimtar wannan labari ba, domin a wurinsa babu iskar da za ta kumbura. Fassarar da ta ce "sun lalace a sararin samaniya" ba ta yi ƙarya ba, amma ta zubar da ilmin da ke cikin labarin, ta bar ɓawo.

Abin da ake bukata shi ne a raba jakar uku. Iskar da ta rufe duniya a kira ta "lulluɓin iska". Yankin da taurarin ɗan'adam ke kewayawa, wanda maganaɗisun duniya ke iko da shi, a kira shi "farfajiyar duniya", tun da farfajiya fili ne da ke wajen ɗaki amma yana cikin hurumin mai gida. Sa'an nan a bar "sararin samaniya" ga abin da ya wuce nan. Ba laifi idan lulluɓin da farfajiyar suka shiga juna, domin haka abin yake a zahiri: iska ba ta da bakin iyaka, raguwa take yi sannu a hankali.

4.2 Hawa Hawa Ba Sammai Ba Ne

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi. Akan sami masu rubutu da masu jawabi da ke kiran sassan lulluɓin iska "sama ta ɗaya", "sama ta biyu", har su yi ta ƙoƙarin cika lissafin ya kai bakwai don ya yi daidai da sammai bakwai da addini ya ambata. Niyyar mai kyau ce, amma aikin ya cuci ɓangarorin biyu. Masana sun kasa lulluɓin iska ne bisa ga ma'aunin da suka zaɓa. Idan aka bi zafi da sanyi a sami biyar. Idan aka bi yawan lantarki a sami D da E da F, kuma F takan rabu biyu da rana ta haɗe da dare, D kuwa takan kusa ɓacewa bayan faɗuwar rana. Abin da adadinsa ke sauyawa tsakanin azahar da lisha bai kamata a jingina masa nassi ba. Malaman tafsiri su ke da hurumin bayyana sammai, mai koyar da kimiyya kuwa ya nemi wata kalma.

Kalmar kuwa tana nan a bakin magina, watau "hawa", kamar yadda ake cewa bene mai hawa biyar. Hawa na farko, daga ƙasa zuwa kimanin kilomita 16 a ƙasashe masu zafi, a nan ne hadari da hazo da gajimare suke, sai a ce "hawan hadari". Na biyu, zuwa kilomita 50, shi ke ɗauke da iskar ozon mai tare hasken rana mai cutarwa, sai a ce "hawan ozon". Na uku, zuwa kimanin kilomita 85, ƙarshensa ne wuri mafi sanyi a lulluɓin duka, yakan kai digiri 90 ƙasa da sifiri, sai a ce "hawan sanyi". Na huɗu "hawan zafi" ne, inda awo kan haura digiri 1,000, ko da yake iskar ta yi siriri har jiki ba zai ji zafin ba. Na biyar "hawan fita", inda ƙwayoyin iska ke sulalewa su bar duniya. Ɗalibin da ya ji waɗannan sunaye ya riga ya sami rabin darasi, saɓanin wanda aka sa ya haddace taraposfiya da sitiratosfiya.

4.3 Gajeren Zango Mai Dogon Tafiya

Babu kalmar wannan fanni da ta shiga gidajen Hausawa kamar "gajeren zango". Tun daga 1957 da sashen Hausa na BBC ya fara, da 1963 da muryar Jamus ta biyo baya, da 1979 da muryar Amurka ta shigo, shekaru da dama miliyoyin mutane sun yi ta murɗa akwatin rediyo suna neman mita 16 ko 19 ko 25 ko 31 ko 49. Kalmar ta zauna daram, kuma ba wanda zai iya tumɓuke ta. Duk da haka tana da aibi da ya kamata malami ya sani. A wurin fatake, zango tafiyar yini ce tsakanin masauki da masauki. Saboda haka Bahaushe na jin "gajeren zango" sai ya zaci abin da ba ya nisa, alhali kuwa shi ne ke ƙetare teku da hamada. Gajartar da ake nufi ta igiyar ce, watau tazarar da ke tsakanin tozon igiya da tozon mai bi mata, ita ce kuma mitocin da mai gabatarwa ke ambata.

Abin sha'awa shi ne, kalmar zango ta fi dacewa da wani abu dabam a cikin wannan ilmi. Igiyar da ta tashi daga tashar watsawa takan hau sama, ayonosfiya ta tanƙwaro ta ƙasa, ƙasa ta sake cilla ta sama, haka haka har ta isa. Kowane tsalle ɗaya yakan kai kilomita 4,000 idan daga sashen F aka komo. Wannan shi ne zango na haƙiƙa, irin na ayari. Da an yi wa masu sauraro wannan bayani, da sun gane abubuwan da suka daɗe suna lura da su. Sun san tasoshin nesa kan shigo a matsakaicin zango da dare su ɓace da safe. Dalili shi ne sashen D, mai shanye igiyar da rana, yakan janye da dare. Sun san gidajen rediyo kan yi shirin rana a ƙananan mitoci, na dare a manya. Dalili shi ne yawan lantarkin sama yana bin rana. Sun san murya kan yi sama ta yi ƙasa kamar ana kaɗa ta. Dalili shi ne igiyoyi biyu da suka biyo hanyoyi dabam dabam suna karo a bakin eriya. Ilmin yana hannun jama'a, bayaninsa ne ba a ba su ba.

A nan ya kamata a ja kunne game da kwatanta ayonosfiya da madubi, wanda ya yawaita a darussa. Madubi yana da fuska mai tauri, kuma duk abin da ya zo masa mayarwa yake yi. Ayonosfiya kuwa lanƙwasa igiya take yi kaɗan kaɗan, tana kuma zaɓe: igiyar FM da ta talabijin da ta taurarin ɗan'adam galibi ratsa ta suke yi su wuce. Rariya ta fi madubi kusa da gaskiya.

4.4 Rana Biyu, Iska Biyu

Matsala ta huɗu daga cikin Hausa kanta ta taso. "Rana" tana nufin halittar da ke haskakawa, tana kuma nufin yini. "Iska" tana nufin abin shaƙa, da abin da ke kaɗawa, har da mutanen ɓoye. Saboda haka wanda ya fassara sunan ƙwayoyin da rana ke fesowa da "iskar rana" ya faɗi abin da manomi zai ɗauka iskar da ke kaɗawa da tsakar rana ce. "Guguwar rana" ta fi muni, domin guguwa da tsakar rana take tashi a bazara, kowa ya san ta. Ga shi kuwa abin da ake nufi ba ya tayar da ƙura ko kaɗa ganye. A watan Maris na 1989 irinsa ya kashe wutar lantarki a lardin Kwibek na Kanada har awa tara, a watan Mayu na 2024 kuma aka yi mafi ƙarfi tun bayan 2003, har ya rikita na'urorin GPS na manoma a Amurka.

"Feshin rana" ya fi dacewa da kwararar yau da kullum, tun da ba wanda zai ce yini yana feshi. Babban tashin kuwa a ce "aman rana", sakamakonsa a nan duniya a ce "girgizar maganaɗisu". Shi kuma yankin da maganaɗisun duniya ke karewa, wanda ya kai kimanin kilomita 60,000 ta fuskar rana, an saba kwatanta shi da garkuwa. "Ganuwa" ta fi, domin ganuwa tana da ƙofofi, kuma ta wajen ƙuryar arewa da ta kudu ne ƙwayoyin ke samun shiga, su haddasa hasken nan mai launi da ake gani a ƙasashen ƙanƙara.

5.0 Ƙoramar da Ke Bisa Kai

Mai karatu na iya cewa wannan ilmi na masu harba kumbo ne, ina ruwan Bahaushe. Amsar tana bisa kansa. Akwai wani layi da ya kewaye duniya inda allurar maganaɗisu, idan aka rataye ta sake, takan kwanta daidai ba ta sunkuya ba. Shi ne ikwaitar maganaɗisu, kuma a Afirka ta Yamma ya bi ta kimanin digiri 10 arewa da ikwaitar taswira, watau ya ratsa arewacin Nijeriya. A bisa wannan layi, a tsayin kilomita 100 zuwa 110, akwai lantarki mai gudu gabas da rana, faɗinsa kimanin kilomita 600. An fara ganin alamarsa a tashar Huancayo ta ƙasar Peru bayan buɗe ta a 1922, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Tun da yakan cika da hantsi zuwa tsakar rana ya ƙafe da dare, "ƙoramar lantarki" ta fi "kogi" dacewa da shi.

Nijeriya tana cikin wuraren da aka yi fice a nazarin wannan ƙorama. Masanan jami'ar Ibadan sun fara awo tun shekarun 1950, kuma Farfesa Cyril Onwumechili ya shafe rayuwarsa a kanta har ya wallafa littafi sukutum a 1997. A farkon shekarun 1990 an jera tasoshin awo daga kudancin Kwaddibuwa har Timbuktu don wannan aiki. Birnin Kano ma ya taɓa zama mazaunin tashar bin sawun kumbo ta Amurka, wadda ta yi aiki lokacin da John Glenn ya kewaya duniya a 1962. Daɗin daɗawa, a wannan yanki ne ayonosfiya ta fi rikici bayan magariba, musamman a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, lokacin da wuraren da lantarkinsu ya ragu ke tasowa kamar kumfa, su yamutsa saƙon taurarin ɗan'adam. Mai awon filaye da matuƙin jirgi da ke dogara ga GPS duk abin ya shafe su. An rubuta ɗaruruwan maƙaloli a kan wannan da Turanci da Faransanci, mutanen da abin ke faruwa a saman rufin ɗakinsu kuwa ba su da ko sunansa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa rauni a wannan fage ba daga harshen Hausa yake ba. Harshen da ya bambanta hazo da buji da raɓa da gajimare, ya kuma san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, ba zai gaza raba sama hawa hawa ba. Raunin ya samo asali ne daga barin aikin a hannun mai gaggawa, da fassara kalma maimakon fassara ma'ana, da kuma rashin zama tsakanin malaman Hausa da malaman kimiyya. Kalmomin da aka kawo a nan shawara ce, kuma ba a ɗakin taro ake tabbatar da kalma ba. A kai su aji, a karanta wa ɗalibin sakandare sakin layi guda da su, sa'an nan a tambaye shi me ya sa rediyon kakansa ke kama tasoshin nesa da dare. Idan ya amsa daidai, kalmar ta ci jarrabawa; idan ya kasa, a sake ƙira. Sassan Hausa na jami'o'i, tare da cibiyar binciken lulluɓin iska da hukumar sararin samaniya ta Nijeriya ta kafa a Anyigba, su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan aiki, su fara da ɗan littafi guda wanda malamin makaranta da mai fassarar labarai za su iya ajiyewa a kan tebur.